Ƙirjin da Ba na Balkisu Ba

Kwana goma sha biyu ke nan babu wanda ya sayi wasa-wasar Balkisu. Kullum da safe tana hura wuta a bakin layinsu a Djougou, ta turara garin doya, ta soya kifi, ta zauna. 'Yan zemijan, masu acaɓa, da suka shekara goma suna karyawa a wurinta sai su ɗaga mata hannu daga kan babur su wuce. Takardar asibiti ce ta ce akwai alamar tarin fuka a huhunta. A rufe aka miƙa mata takardar, amma kafin la'asar unguwa duk ta ji.

Rana ta goma sha uku wani labarin ya iso daga Parakou: hoton ƙirjin da aka rubuta wa sunan Balkisu ba nata ba ne. An yi musanya.

Nan take unguwa ta juya. Waɗanda jiya suke kauce mata, yau su ne masu neman wanda ya cuce ta. Wasu suka ce Faruk mai ɗaukar hoto ne. Wasu suka ce Shakira ce, mai abincin tsallaken titi, tunda ciniki wurinta ya koma. Shugabar asibitin ta dakatar da Faruk don bakin mutane ya lafa. Kowa ya yi tambayarsa, ban da guda ɗaya da ta fi kamata.

* * *

Zakiyya ce ta yi wannan tambayar, a wani ofis a unguwar Kpébié ta Parakou.

Ƙaramin asibitin unguwar su Balkisu ba shi da likitan karanta hoto. A Djougou ake ɗauka, a turo Parakou, likita ya duba ya rubuta rahoto. A bana aka kawo wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, tana bin kowane hoto tana gwada shi da rahotonsa da abin da aka rubuta game da mai shi. A makon nan aka gama zuba mata tsofaffin hotuna, sai ta tarar da wanda aka ɗauki Balkisu shekara biyu baya, ta ce wannan da wancan ba mutum ɗaya ba ne. Iyakar abin da na'ura take faɗi ke nan. Sauran aikin na ƙafa ne, kuma na Zakiyya ne. Shi ya sa a ofis ake ce mata mai bin sawu.

Likitan ya nuna mata da biro. "Dubi ƙashin nan da ya taso daga wuya zuwa kafaɗar hagu. Ya taɓa karyewa tuntuni, ya haɗu a karkace. Ɗorin gida ne. A tsohon hoton ƙashin a miƙe yake. Bon, shi ke nan, a sake wa matar hoto, an gama."

"Ba a gama ba, Dakta. Ita an wanke ta. Mai huhun fa?"

"Za ta zo da ƙafarta in jiki ya matsa."

"Da me za ta zo? Takardar hannunta cewa ta yi lafiyarta ƙalau!"

Ranar da aka ɗauki hoton, asibitin cike yake da maniyyata arba'in da uku, ayarin wani Alhaji Zulkifli, wanda ya ce sai kowa ya yi hoton ƙirji kafin tafiya. Mata ashirin da shida ne a ciki. Nasu hotunan ba a turo ba. Wani likita ne ya zo ya duba su a wurin, aka buga a leda aka kai wa Alhaji, sannan aka goge daga kwamfuta wai ta cika. Takardunsu kuwa suna kawai aka rubuta. Babu shekaru, babu tarihin ciwo. Haka muke. In an ce a cika takarda sai a ce ai kowa ya san kowa, ranar da ake neman mutum kuma a rasa wanda ya san shi.

Saura kwana tara ayarin ya tashi. Da safe Zakiyya ta hau zemijan ta bayan kasuwar Arzèkè zuwa tasha, ta shiga taksin Djougou.

* * *

Ta tarar da Balkisu zaune gaban tukunya a cike. Mace ce mai kamar shekara arba'in, mai faɗin fuska, idonta ya faɗa.

"Yaya, a zuba min. Da kifi, da yaji sosai."

Balkisu ta dube ta. "Ke baƙuwa ce, ko? Ba a gaya miki ba?"

"An gaya min. Ni ce daga Parakou."

Ta zauna a bencin da ke fuskantar titi, ta ci da hannu a hankali, yadda duk mai wucewa zai gani. Sai da ta sha ruwa ta fara.

"Kin taɓa karaya?"

"Ko yatsa."

"Me ya kai ki asibiti ranar?"

"Ƙirji ne ya ɗan riƙe min. Hayaƙin murhu."

"An gwada majinarki ba a ga komai ba, hoton ma ba naki ba ne. Wa kike zargi?"

"Ba kowa. Abin da Allah ya kawo ne."

"Allah bai taɓa kwamfutar asibiti ba, Yaya. Mutum ne."

Balkisu ta gyara itacen da ba ya bukatar gyara. "Ƙanwata, a bar maganar nan. Su dai mayar da Faruk aikinsa. Yaron ba ruwansa."

"Ta yaya kika sani?"

"Fuskarsa ba ta nuna ba."

Kwana goma sha uku ba ciniki, amma babu ko ɗigon fushi a muryarta. Zakiyya ta ɗauka haƙuri ne irin wanda aka koya wa matanmu har ya zame musu ciwo, ranta ya ɓaci a madadinta.

* * *

Shakira ba ta jira an tambaye ta ba. Tana ganin Zakiyya ta tsallako ta aje ludayi.

"Madam 'yar sanda, ga ni, ɗaure ni! Ni da ban san inda ake kunna kwamfuta ba. Wai na sace huhu! In kai shi ina? In sa a miya?"

"Kin je asibitin ranar?"

"Na je sayar wa alhazai abinci, laifi ne? Na ma ga Balkin. Mai ciwon ƙirji, amma ita ce ɗebo ruwa, ita ce shimfiɗa tabarma. In kuna neman mai hannu a ciki, ku tambayi Alhaji Zulkifli. Sau biyu na ga ya shiga ɗakin hoto. In mutum ɗaya ya faɗi gwaji, ai sunan ayarinsa ne ya ɓaci."

Faruk kuwa a gidansu ta same shi, saurayi siriri, ya kasa haɗa ido da ita.

"Lamba nake kira, Madam. Kowa an ba shi takarda mai lamba a ƙofa. Na kira, mutum ya shigo ya miƙo, na ɗauka."

"Ba ka duba fuska?"

"Iyaye ne fa. Sun cire mayafi, sun sa rigar asibiti. Ni da zan ɗaga kai in ƙare wa sa'ar uwata kallo? Kaina a ƙasa nake gyara musu tsayuwa."

"Ka tambayi suna, to."

"In ce da tsohuwa, ke ce wance? Ai rashin kunya ne."

"Kunyar taka ta bar mara lafiya tana yawo ba magani," in ji Zakiyya da zafi. Ta ga idonsa ya cika, sai ta sassauta. "Alhaji fa, me ya shiga yi?"

"Wayarsa ya sa caji. A ɗakina kaɗai soket ke aiki."

* * *

Alhaji Zulkifli ya karɓe ta a shagonsa na goro, akwatin takardun maniyyata a kulle ƙarƙashin ƙafarsa.

"'Yata, amana ce. Ba na buɗe wa kowa. Kina so in tara iyaye mata ashirin da shida in ce ɗayarku maƙaryaciya ce?"

"Ka ce ɗayarku ba ta da lafiya, Alhaji."

"Duk lafiyarsu lau, likita ya sa hannu. Saura kwana takwas. In mun dawo a bincika."

"Tarin fuka ne. Za ta zauna a jirgi kusa da sauran, ta kwana ɗaki ɗaya da su. Ita kuma wata biyu ba magani, ƙila ba za ta dawo ba."

"Wanda ya rasu a can ai ya dace."

Zakiyya ta tashi kafin bakinta ya faɗi abin da ba a faɗa wa dattijo. Ta fito da tabbacin shi ne ya yi musanyar. A bakin titi wayarta ta yi ƙara daga ofis: sun duba, hoton ya iso Parakou minti ɗaya bayan ɗaukarsa, da lambarsa, babu wanda ya taɓa sunan. Ta tsaya cak. Ashe ba a musanya hoto ba. Wata ce ta tsaya gaban na'ura da lambar Balkisu a hannunta.

Takarda ta ƙi magana, mutane sun ƙi. Abin da ya rage mata ƙashi ɗaya ne da ya haɗu a karkace.

* * *

Masu ɗori biyu ta nuna wa hoton a cikin gari, kafaɗar kaɗai ta yanko a waya, babu suna. Na biyun ya ce wannan tsohon aiki ne, ta je ƙauyen Bariénou wurin Malam Yahouza.

Ta same shi ƙarƙashin mangwaro yana fere sanduna, tsoho ne ƙwarai, amma hannunsa ba ya rawa. Ya karɓi wayar ya kai ta kusa da ido, ya bi ƙashin da yatsa kamar yana taɓa shi a jikin mutum.

"Ni ban san hoto ba, amma na san ƙashi. Wannan aikina ne, kuma ba haka na ɗora shi ba. Mai shi ce ta ɓata min."

"Ka tuna ta, Baba?"

"Ana manta wanda ya ji magana. Wannan ba ta ji ba. Fiye da shekara talatin, motar doya ta kife da su a hanyar nan. Tana riƙe da yarinya 'yar shekara shida, marainiya, uwar ba ta daɗe da rasuwa ba. Ta rungume yarinyar ta faɗi a kan kafaɗarta, yarinya ko ƙwarzane. Na ɗaure ta na ce kwana arba'in kada ta ɗaga ko buta. Kwana goma ta kwance. Wai yarinyar ba ta barci sai an goya ta." Ya girgiza kai yana murmushi. "Na zage ta, ta ce in zagi yarinyar in na iya. Lubabatu. 'Yar gidan masu goro ce a Djougou."

"Yarinyar fa, Baba? Ka tuna sunanta?"

"Yadda ta yi ta kiranta a tsakar gidan nan? Balki, Balki."

Zakiyya ta yi godiya ta hau babur.

* * *

Washegari da hantsi ta tara su a ofishin shugabar asibiti: Faruk, Shakira, Alhaji Zulkifli da Balkisu. Tun da safe ta raɗa wa Alhaji suna ɗaya, ta ce ambulan ɗin wannan kaɗai take roƙo. Ya zo da shi a aljihun rigarsa, fuskarsa a murtuke.

"Yaya Shakira, ke ba ruwanki. Je ki gaya wa unguwa Balkisu lafiyarta ƙalau. Na san kafin azahar kowa ya ji."

"Kin raina ni. Kafin ki sha ruwa!" Ta fita tana gyara ɗankwali.

Zakiyya ta rufe ƙofa. "Abin da za a faɗa yanzu a ɗakin nan zai tsaya. Faruk bai taɓa suna ba. Alhaji caji ya sa." Ta zare ledar hoton daga ambulan, ta ɗaga ta jikin taga. "Wannan aka rubuta wa sunan Iya Lubabatu. Kafaɗarta ta hagu ta taɓa karyewa. Ku duba, wannan a miƙe take."

Ta ɗauki hoton da waya ta tura Parakou. Bayan ɗan lokaci amsa ta dawo: ya dace da tsohon hoton Balkisu.

"Yaya," in ji Zakiyya a hankali, "ke za ki faɗa ko ni?"

Balkisu ta dubi tafin hannunta. "Lambata goma sha ɗaya. Tata talatin da huɗu. Na ce, Iya, layi ya yi tsawo, karɓi tawa ki shiga ki huta. Ta sa min albarka. Ba ta san komai ba, wallahi. Wa zai ga yarinya ta ba tsohuwa wuri ya ce laifi ne?"

"Subhanallahi," in ji Alhaji. "Kin san abin da kika ja mana?"

"Na sani, Alhaji. Wata huɗu tana tari, tana ɓoyewa a bayan ɗaki. Irin tarin da ya ɗauke uwata ne, na san ƙararsa. Shekara ashirin tana cewa hajji bana, hajji bana, kullum wani abu nawa ya taso ta fasa. Na ce in tafiyar da ba a dawowa ce ta zo, bari ta same ta a can inda take so. Ni na ɗauka takarda ce za a ba ni in ɓoye. Ban san za a kori Faruk ba." Ta juya gare shi. "Ƙanena, ka yafe min."

Faruk ya kau da kai.

Zakiyya ta zo da jawabi mai zafi a bakinta, tun a kan babur take shirya shi. Ta matso kujerarta kusa.

"Wa ya ce miki tafiya ce? Yaya, ciwon nan yana warkewa. Wata shida ana shan magani. Zamanin mahaifiyarki ba a gano shi da wuri ba. Abin da zai kashe Iya shi ne takardar da kika sama mata."

"Yana warkewa?" Muryarta ta dawo ta ƙaramar yarinya. "Ko ga tsohuwa?"

"In an fara yanzu. Laifinmu ne da kina tsallaken asibiti amma ba wanda ya taɓa gaya miki."

Balkisu ta rufe fuska da mayafi. Shugabar asibitin ta ce Faruk ya dawo aiki gobe, kuma daga yau duk mai shiga sai an tambaye shi suna, ko kakar wa ce. Alhaji ya mayar da ledar cikin ambulan, ya ce a gwada sauran ayarin ma, shi zai yi musu magana. Sannan ya tambayi abin da kowa yake tsoro.

"Wa zai gaya mata?"

"Ni," in ji Balkisu.

* * *

Iya Lubabatu tana tsakar gida a kan tabarma, jakar tafiya a buɗe gabanta, tana ninke fararen kaya. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya sauka. Zakiyya ta gaishe ta, ta tsaya daga bakin zaure. Balkisu ta durƙusa ta faɗi komai, ba ta rage ba.

Tsohuwar ta ci gaba da ninke zanen da ke hannunta har ta gama, ta daidaita gefensa. Tari ya taso mata, wannan karon ba ta tashi ta ɓuya ba.

"Wato da na zo ina miki addu'a, ina cewa Allah ya ba ki lafiya, ciwona nake wa addu'a?"

"Eh, Iya."

"Kina zaune gaban tukunya mutane na wuce ki, ni ina nan ina gwada takalmi."

"Na so ki je, Iya."

"Da ƙarya? In tsaya gaban Ɗakin Allah da ƙirjin aro?" Ta ɗaga hannu kamar za ta kai mata duka, hannun ya sauka a kan Balkisu ya zauna nan. "Wawuya. Tun kina ƙarama wawuya ce ke."

Ta ɗago ta dubi Zakiyya. "Ke 'yar Parakou, wata nawa kika ce?"

"Shida, Iya. Kullum, ba fashi. Mutanen gidan ma za a gwada su."

"Mai ɗaci ne?"

"Ba sosai ba."

"Ƙarya kike, amma to." Ta ja zip ɗin jakar ta rufe, ta tura ta gaban Balkisu. "Ɗora min a kan kabad, inda ɓera ba zai kai ba. Baɗi ina bukatarta. Miƙo min mayafina. Za mu fara biyawa gidan yaron nan mai hoto, ki durƙusa gaban uwarsa, ni ina tsaye a bayanki. Daga nan asibiti."

Balkisu ta kawo mayafin, ta tsuguna ta juya mata baya. "Da nisa, Iya. Hau in goya ki zuwa titi."

"Tashi, kada ki ba ni kunya a gaban baƙuwa. Ba ni hannunki kawai."